Yadda Za Ka Zaɓa wa Injin Surukinka Inbata Ba Tare da Ka Ce Masa Ya Matsa Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan sau da ƙafa, na ɗaukar maka alkawari babu tangarɗa: za ka zaɓi inbata, ka kafa ta, Haɗeja kaf ta san da zamanka, sunan Injiniya kuma ya manne maka har ƙarshen rayuwa. Ba a taɓa bin wannan hanya aka rasa suna ba. Abin da zai sami injin kuma, wannan wata magana ce daban.

Ga wanda bai sani ba, inbata wani akwati ne da ake sawa tsakanin wuta da moton lantarki. Ita ke lallaɓa moto ya tashi a hankali maimakon ya fizgi wuta gaba ɗaya, ita ke rage masa gudu ko ta ƙara. Masu takarda sun ce kafin ka saye ta sai ka karanta ɗan farantin ƙarfen da ke manne a jikin moton, ka ga ƙarfinsa doki nawa ne, amfiya nawa yake sha. Rabu da su. Ni ban taɓa riƙe sukudireba ba, amma taubashina Haladu ya yi wannan aiki a gaban idona tun daga farko har hayaƙi, kuma daga gare shi na kwaso ilimin nan duka.

Mataki na Ɗaya: Fara samun suna, ilimi ya biyo baya in ya ga dama

Haladu ƙwan fitila da soket yake sayarwa a wani ɗan shago kusa da tasha. Wata rana lasifikar masallacin unguwa ta ɗauke ana tsakiyar kiran sallar La'asar. Shi ne ya fi kowa kusa da akwatin, sai ya ɗaka masa tafin hannu. Murya ta dawo. Kafin a idar da salla ya zama Injiniya.

Lura da yadda gwani ke karɓar suna. Watan farko in an kira shi sai ya ce, "A'a, wane ni." Wata na biyu sai murmushi kawai. A na uku ya kira mai fenti ya rubuta a ƙofar shago.

Da ya je neman auren Ummussalma, 'yar Alhaji Nu'uman mai injin casar shinkafa, masu bincike suka koma suka ce, "Yaron kirki ne, kuma injiniya ne." Shekara shida ke nan Alhaji bai taɓa kiransa da wani suna ba. A gaban baƙi ma cewa yake, "Mijin yarinyar nan injiniya ne," yana gyara hula. Haladu yana son wannan kalma daga bakin surukinsa fiye da yadda yake son shagonsa, kuma kullum yana tsoron ranar da za a nemi ya nuna ta a aikace.

Mataki na Biyu: Amsa kafin ka gama jin tambayar

Ranar ta zo da kaka, lokacin da shinkafa ke fitowa daga fadama kura-kura, matan da ke gumi suna turara ta suna shanyawa, kowace na son a casa mata kafin ranar kasuwa. Moton Alhaji kuwa ya tsiro da hali. Duk tashin da zai yi sai janareta ya shaƙe ya yi aman baƙin hayaƙi, wani lokaci bel ya tsinke. Wani ɗan kasuwa daga Jahun ya ce ai manyan injina a Kano inbata suke sawa.

Alhaji ya ce, "To ai mu da injiniya a gida."

Ummussalma ce ta kawo saƙon. Haladu kuwa bai taɓa ganin irin wannan inbata ba ko a hoto. Amma dubi gwaninta. Bai bari ta rufe baki ba ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne. Ki ce wa Baba ya ɗauka an gama."

Kai ma haka za ka yi. Mutumin da ya ce "bari in bincika" ya riga ya zubar da rabin girmansa.

Mataki na Uku: Je ka duba moto, amma da tarbiyya

Nan ne gishirin aikin, sai ka buɗe kunne.

Alhaji Nu'uman yana da wurin zama guda a cikin gidan injin, kuma bai taɓa sauya shi ba. Buzunsa a shimfiɗe yake a ɗan lungun da ke tsakanin moto da bango, inda yake hango mai shiga da mai fita, carbi a hannu. Farantin da masu takarda ke ta zancensa kuwa yana ta wannan ɓangaren, daidai bayan kafaɗarsa. Kafin mutum ya karanta shi, sai ya tsallake ƙafafun Alhaji, ya duƙa ya ba shi baya, ko kuma ya buɗe baki ya ce, "Baba, ɗan matsa."

Kai ɗan mutunci ne. Ka taɓa jin inda aka ce wa suruki ya matsa?

Haladu ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya yi gaisuwa mai tsawo: gida, iyali, aiki, sanyin ruwan bana, ya dawo ya sake tambayar gida. Alhaji yana amsawa yana kallon rufi, don shi ma ba ya haɗa ido da mijin 'yarsa. Moto na kwance can gefe, kore, ƙato, ya sha ƙaiƙayi.

"Injiniya, ka ga abin?" in ji Alhaji.

"Na gani, Baba."

Wallahi abin da ya gani bai wuce yatsun ƙafar Alhaji ba, da gefen buzu. Amma ya karkata kai kamar mai sauraro, ya ce a ɗan tayar masa da shi ya ji. Aka tayar, janareta ya yi tarinsa. Haladu ya gyaɗa kai sau uku, ya ce, "Na gane ciwon." Ya tashi da baya-baya har ya kai ga takalminsa.

Riƙe wannan: lambobi kowa na iya karantawa, amma kunya gadonta ake yi.

Mataki na Huɗu: Tambayi majalisa, kada ka kuskura ka tambayi matarka

An ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, muddin ya tambayi wanda ba zai gane cewa bai sani ba.

Haladu ya wuce teburin Ari mai shayi, ya sa aka haɗa masa mai kauri, ya jefa zancen a kaikaice. Ari ya ajiye ludayi ya bugi ƙirji.

"Moton Alhaji? Doki goma ne cif. Ai da ni aka sauke shi daga mota, shekara ashirin ke nan. Har yau ƙuguna bai koma daidai ba."

Mutum uku da ke kan benci suka ce ƙwarai kuwa, doki goma ne, kowa ya sani. Ɗaya daga cikinsu ni ne. Ban sani ba, amma ba na son a bar ni a baya.

A gida Ummussalma ta ajiye masa kwanon tuwo ta zauna tana kallonsa. A gidan injin nan ta yi wayo, ta san ƙarar kowane ƙarfe da ke cikinsa.

"Baban Adila, ka samu ka duba farantin kuwa? Na san inda Baba yake zama. In ka ga da nauyi, ni sai in je in ce masa ya gusa, in kwafo maka lambobin. Ni ai ba surukarsa ba ce."

Ka ga tarko? Da ya ce to, da aikin ya ƙare lafiya, ita kuma ta san cewa mijinta ya je ya dawo da hoton yatsun ƙafa. Haladu ya haɗe rai.

"Wa ya ce miki ban duba ba?"

"Ba kowa. Na dai tuna shekarar da ruwa ya ci gidan injin, Baba ya..."

"Ummu, tuwon nan ba gishiri."

Ta tashi ta ɗauko gishiri, ta ajiye masa a gabansa da ɗan ƙarfi.

Mataki na Biyar: A kanti, duk tambayar da aka yi maka ka mayar da ita raini

Sa babbar riga. Maƙala testa, abar gwada wuta, a aljihun gaba yadda jan kanta zai leƙo. Ka hau motar Kano da sassafe.

Haladu ya faɗa hannun wani mai kanti, Musaddiq, mutum mai furfura a gemu da tabarau, irin masu son wahalar da abokin ciniki da gaskiya.

"Yallaɓai, amfiya nawa aka rubuta a jikin moton?"

"Doki goma ne."

"Na ji dokin. Amfiyar nake so, don da ita ake auna inbata. Ka ɗauko hoton farantin a waya?"

"Malam, ni daga Haɗeja na taso. Injin da nake kwana nake tashi da shi za ka ce in kawo maka hotonsa?"

Musaddiq ya haɗiye fushinsa. Ya tambaya me moton ke ja, aka ce masa injin casa. Ya ce to wannan aiki ne mai nauyi, sai inbata mai jure lodi, kuma a sa ta cikin akwatin da ƙaiƙayi ba ya shiga amma iska na ratsawa. Ya nuna wata baƙa, mummuna, mai maɓalli huɗu kacal.

Idon Haladu yana kan wata fara mai sheƙi, mai fitilu kala uku da maɓallai reras.

"Waccan fa?"

"Waccan ta famfon ban ruwa ce, yallaɓai. Aikinta mara nauyi ne, ba ta shinkafa ba ce."

"A garinmu," in ji Haladu, "ruwa da shinkafa tare suke kwana. Abin da ya iya da ɗaya zai iya da ɗaya. Naɗe mini."

Na so a ce kana wurin ka ga fuskar mai kantin. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce shi dai ya faɗi nasa. Wannan jawabi na ruwa da shinkafa ka haddace shi, zai yi maka amfani a wurare da yawa.

Mataki na Shida: Kafa ta inda za a gani, kuma kada ka cire leda

Inbatar da ba a hango ta daga titi ba asarar fitilu ce. Haladu ya zaɓi jikin bango kusa da ƙofa, inda rana ke duka tun hantsi, daidai ƙarƙashin bututun da ke feso ƙaiƙayi. Wayar moton dama nan take ƙarewa, ka ga ba sai an je kusa da buzun kowa ba.

Sannan leda. Mu nan ba ma cire wa sabon abu leda. Babur sai ledar kujerarsa ta tsufa ta zube da kanta, katifa ma haka, har rediyo. To ina dalilin da za a tsiraita abu mai tsada irin wannan? Haladu ya huda ledar daidai inda wayoyi za su shiga, ya bar sauran ruf, har da ramukan da 'yar fankar cikinta ke shaƙar iska. Ya ƙara zagaye ta da salatif saboda ƙaiƙayi.

Mataki na Bakwai: In gaskiya ta same ka kai kaɗai, ku rabu lafiya

Yana cikin ɗaure waya aka kira Azahar. Alhaji ya miƙe, ya zura takalmi, ya tafi masallaci. Masu aiki suka bi shi. Gidan injin ya rage daga Haladu sai moto.

Ya leƙa titi, ba kowa. Zuciyarsa ta ce masa je ka mana. Ya zagaya buzun a hankali ba tare da ya taka shi ba, ya duƙa, ya share farantin da gefen riga.

Doki talatin. Amfiya arba'in da biyu.

Ya koma da sauri ya duba kwalin inbata. Doki goma, amfiya goma sha bakwai. Sai a lokacin maganar da ya katse wa matarsa ta ƙarasa kanta a cikin kansa: shekarar da ruwa ya ci gidan injin, tsohon moton da ya karya ƙugun Ari ya mutu, Alhaji ya sayo wani babba. Gumi ya karyo masa. Ya zauna a kan buhu, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba.

Lokaci kuwa yana da shi, don Alhaji bai dawo da wuri ba. Zai iya kwance wayoyin nan uku, ya jira surukinsa, ya ce, "Baba, na yi kuskure, sai na koma Kano." Kwana ɗaya kawai za a rasa. Amma an riga an gaya wa mata gobe da hantsi za a tayar da sabon abu, Ari ya yaɗa a teburinsa, kuma kalmar nan "kuskure" ba ta taɓa zama kusa da "Injiniya" a bakin Alhaji ba.

Ya tashi ya ƙara ɗaure wayoyin tamau. Ya ce a ransa, wa ya sani, ko abin Turawa yana da albarkar da ba su rubuta ba.

Mataki na Takwas: Ranar gwaji, fara da inji babu komai a cikinsa

Washegari wuri ya cika. Hajo, shugabar mata masu gumi, ta zo da buhunanta da matan unguwarsu. Ita ce mai bakin da ko direban tirela ba ya ja da ita. Alhaji na kan buzunsa cikin sabuwar shadda.

Haladu ya yi bismilla ya danna kore. Sai ga moto ya fara juyawa a hankali, sumul, yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Janareta ko tari bai yi ba. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ari ya ɗaga hannu sama yana cewa, "Na gaya muku! Yaron nan kansa na ja!" Alhaji ya yi murmushi ya kalli rufi.

In kana da wayo, a nan za ka tuna kana da ɗaurin aure a Miga, ka kama hanya.

Hajo ta juye buhun farko. Inji ya kama shinkafa, ya yi nishi, fitila ta koma ja, komai ya tsaya cak. Wasu haruffa suka fito suna ƙiftawa.

"Injiniya, me ta ce?" in ji Hajo.

"Tana gaisawa da injin ne, Inna. Sabuwar zuwa ce."

Ya danna, ta tashi, ta tsaya. Ya sake dannawa. A karo na uku ya ce tana auna nauyin shinkafar Haɗeja ne, don ba ta saba da irinta ba. A na huɗu ya shiga cikin maɓallan ya yi ta latsawa har ya samu wanda ya hana ta yin ƙorafi. Inji ya ja na ɗan lokaci. Ledar ta fara kumbura tana yin laushi, wani wari ya tashi. Sai ji kake fau! Farin hayaƙi ya cika ledar, ya huda ta ya fito.

Shinkafar Hajo ta maƙale a cikin inji, rabi casasshiya rabi da ƙaiƙayinta.

Mataki na Tara: Laifi ba ya kwana a ƙasa, nemo masa mai ɗauka

Tun kafin hayaƙi ya washe ya kamata ka tanadi sunaye. Akwai janareta. Akwai Kanawa da jabun kaya. Akwai masu baƙin ciki, waɗanda ba sa ƙarewa. Haladu ya zaɓi mafi kusa.

"Shinkafar nan ba ta bushe ba."

Kuskurensa ke nan, kada ka maimaita. Hajo ta ɗebo tsaba ta gartsa a haƙori, ƙaras, kowa ya ji.

"Ɗan nan, tun uwarka na goyonka nake shanya shinkafa. In ba ka san aikinka ba ka faɗa, kada ka shafa wa gumina kashin kaji. Kai tsaya ma. Wannan ɗan akwatin ne zai ja wannan ƙaton? Ka ma duba kuwa?"

Ido ya yi caa a kansa. Na hango shi daga inda nake, kuma duk da taubashina ne, na tausaya masa.

Sai murya ta fito daga lungu, a hankali.

"Hajo, bar shi. Laifina ne. Ni na ce wa Injiniya moton doki goma ne. Tsufa ya sa na manta an canza shi." Alhaji ya juya wajen masu aiki. "Ku mayar da tsohuwar waya, a casa wa mata shinkafarsu yadda aka saba."

Nan take gari ya juya. Ari ya ce dama shi ya san ba daga Injiniya ba ne. Hajo ta yi tsaki ta ce tsofaffi dai sai a hankali.

Ka gani? Suna ya tsira, kamar yadda na yi maka alkawari.

Gargaɗi: abin da bai kamata ka yi ba bayan nan

A nan Haladu ya saki layi, kuma ban da hannu a ciki. Da La'asar, bayan mata sun watse, ya dawo ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa. Ina bayan buhuna ina tattara dusar da Alhaji ya ba ni ta awaki, don haka kunnena ya ji.

"Baba, ba ku ce mini doki goma ba. Ni ne ban duba ba."

Alhaji ya ja carbi ɗaya, biyu, yana kallon rufi.

"Na sani. Ranar da ka fara zuwa na so in gusa. Sai na ga in na gusa, kamar na ce maka ba ka iya gane moto daga nesa ba. Na ji nauyi."

Haladu ya ƙara sunkuyar da kai.

"Shi ya sa jiya na zauna a masallaci bayan Azahar," in ji Alhaji. "Na yi ta nafila har liman ya tambaye ni ko lafiya. Na ce bari in ba yaron nan wuri ya karanta a tsanake." Ya sake jan carbi. "Da na dawo na ga an share farantin fes, sai na ce alhamdu lillahi, yanzu zai faɗa mini. Na jira ka har Magariba."

Hawaye ne kawai na ga yana ɗiga a kan simintin da ke gaban Haladu. Ya daɗe a tsugune kafin ya iya tashi, kuma da ya fita sai da ya yi taku goma a titi kafin ya tuna da takalminsa.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin hayaƙi, ko ƙauri, ko bakin Hajo, ko gishirin da aka ajiye da ƙarfi. Wanda inbatarsa ta ƙone ya nemi mai kanti, wanda shinkafarsa ta maƙale ya nemi Ari. Wanda kuma surukinsa ya rufa masa asiri a gaban jama'a, kada ya zo wurina, don ban san maganin wannan ba. Ni suna na yi alkawari, kuma har gobe duk Haɗeja Injiniya take kiran Haladu. Shi ne dai ya daina waiwayowa.